Kashe ciyawa ba da feshi ba: Fartanya da garmar shanu a gonakin Gaya da Ajingi

A harshen Hausa kalmar noma tana da fuska biyu. Idan aka ce wane manomi ne, ana nufin sana'ar gaba ɗayanta, tun daga sharar gona har zuwa kai amfani rumbu. Amma idan magidanci a ƙasar Gaya ya ce gobe za a fita noma, abu ɗaya yake nufi: za a shiga gona da fartanya a kashe ciyawa. Magabata sun ɗauki sunan sana'ar kacokan suka ɗora wa wannan aiki guda, domin sun san a kansa damina take yin kyau ko ta ɓaci.

Kashe ciyawa da ƙarfe shi ne duk wata hanya ta yanke ciyawa, ko tumɓuke ta, ko binne ta, ta amfani da hannu ko fartanya ko garmar shanu ko inji, ba tare da fesa magani ba. Ita ce hanya mafi daɗewa a duniya, kuma a kanta noman da ba a sa masa sinadarai, wanda 'yan kasuwar ƙetare ke kira oganik, ya dogara. Sirrinta bai wuce abu biyu ba: shiga gona a kan lokaci, da shuka a layin da kayan aiki za su iya bi.

Yankin da ƙasarsa

Ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi suna gabashin Jihar Kano, bayan an wuce Wudil, a ɓangaren da ya yi iyaka da Jihar Jigawa. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna Gaya na da mutum sama da dubu 200, Ajingi kuma sama da dubu 170, kuma akasarinsu manoma ne. Su biyun tare da Albasu ne ke ƙarƙashin Masarautar Gaya bisa dokar da aka yi a 2024. A garin Gaya ne kuma hedikwatar shiyya ta uku ta hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta jihar, wato KNARDA, take.

Alaƙar Gaya da ƙarfe tsohuwa ce. Tarihin baka ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka je gindin Dutsen Dala neman tama, har zamansu ya zama tushen birnin Kano. Jikokin wannan sana'a su ne har gobe ke ƙera fartanya da garma da lauje a kasuwannin yankin.

Mafi yawan ƙasar tudu a nan jigawa ce mai yashi, mai sauƙin huɗa, mai saurin shanye ruwa, wadda ba ta riƙe taki sosai. Damina gajeriya ce: takan kankama a watan Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Ana shuka gero da dawa da gyaɗa da wake da riɗi, sau da yawa biyu ko uku a gona ɗaya, sai shinkafa da kayan lambu a fadamu. Waɗannan abubuwa uku, wato ƙasa mai yashi, gajeriyar damina da haɗa amfani a gona ɗaya, su ne suka tsara yadda ake yaƙi da ciyawa a yankin.

Abin da ciyawa ke ƙwace wa shuka

Ciyawa tana gogayya da shuka a kan ruwa da taki da hasken rana. A ƙasar da ruwan da takin duk 'yan kaɗan ne, wanda ya riga kafa saiwa shi ke cinye rabon. Masana aikin gona sun daɗe da tabbatar da cewa ɓarnar ba ta bazu a tsawon damina daidai-wa-daida ba. Akwai wani ɗan tsakani, daga wajen mako na biyu ko na uku bayan shuka zuwa mako na shida, wanda idan gona ta kasance fes a cikinsa, amfanin zai yi ganye ya rufe ƙasa, ya danne duk ciyawar da za ta fito daga baya. Idan kuwa ciyawa ta sha kansa a wannan tsakani, noman da za a yi daga baya zai gyara fuskar gonar ne kawai, ba zai dawo da abin da aka rasa ba. Geron da ya tashi a cikin ciyawa yakan yi siriri, ya yi ja, ya kasa yin 'ya'ya a gindi, kuma ko an zuba masa buhun taki bayan nan zangarniyarsa ba za ta kai ta maƙwabci ba.

Shi ya sa kwana bakwai na jinkiri a watan Yuli ya fi wata guda na jinkiri a Satumba tsada. A nan kuma matsalar take, domin kowa a gari yana buƙatar hannu a mako ɗaya. Kuɗin ƙwadago yakan tashi, talaka ya bar tasa gonar ya tafi ta mai hali don ya samo na cefane, kafin ya dawo tasa ta shige ciyawa. Gayya da aikin gandu, waɗanda a da suke rage wannan matsi, sun ja baya a wurare da yawa saboda rarrabuwar gidaje da tafiyar matasa birni.

Ba duk ciyawa ce ɗaya ba

Manomi yakan raba ciyawa gwargwadon yadda take mutuwa.

Kashi na farko su ne masu fitowa daga iri kowace shekara, kamar ƙarangiya, harƙiya, gude-gude, burburwa, ƙyasuwa, tuji da kashin yawo. Waɗannan idan aka tare su suna ƙanana, yankan fartanya sau ɗaya ya ishe su. Lokacin da suka fi rauni shi ne sa'ad da suka tsiro, saiwarsu na kamar farin zare. A sannan ko motsa fatar ƙasa kawai aka yi, rana za ta ƙarasa aikin. Idan aka bari tuji ya kafa gindi kuwa, sai an sa ƙarfi kafin a tumɓuke shi.

Kashi na biyu su ne masu rayuwa a ƙarƙashin ƙasa: kiri-kiri mai yaɗo, aya-aya mai 'yan ƙwayoyi a saiwa, da tofa a wurare masu danshi. Daddatsa su da fartanya cikin damina tamkar dasa su ne, domin kowane guntu zai sake tohowa. Maganinsu shi ne a tono saiwar a kwashe ta daga gonar, ko a juyo ta sama da rani rana ta ƙone ta, sannan a riƙa yanke tohon akai-akai har abincin da ta tara a ƙasa ya ƙare.

Akwai kuma balasa, mai kara mai ruwa-ruwa, wadda idan aka nome ta aka bar ta a kwarin kunya, ruwa ya sauka a daren, da safe za a tarar ta sake kama ƙasa. Ita kwashe ta ake yi a fitar.

Wani abin lura shi ne, ba duk abin da ya fito ba a shuka shi ba ne abokin gaba. Mai noma da hannu yakan tsallake tafasa da gasaya da lalo da zaƙi-banza inda ba su matsa wa shuka ba, saboda miya da kwaɗo. Ciyawar da aka nome kuma abincin tumaki da awaki da shanun huɗa ce, har akan ɗaure ta a kai kasuwa. Maganin feshi ba ya wannan zaɓe, kuma ciyawar da aka fesa ba ta dace da bakin dabba ba.

Kayan aikin

Fartanya ita ce uwa. Gajeriyar ƙota gare ta, ana aiki da ita a duƙe, kuma babu abin da ya kai ta iya shiga tsakanin gindi da gindi ba tare da an sare shuka ba. Aibinta jinkiri da ciwon baya. Garmar hannu, mai faɗin baki, ta tayar da kunya ce da yi wa shuka ban ƙasa.

A yankunan da yashi ya fi yawa, kamar arewacin Jigawa da Yobe da ƙasar Damagaram da Maraɗi a Nijar, akwai doguwar hauya mai baki kamar jinjirin wata, wadda wasu ke kira ashasha. Ana tura ta a tsaye, bakinta na tafiya ƙarƙashin fatar ƙasa yana yanke saiwa. Tana da sauri ƙwarai fiye da fartanya, amma gonar da aka shuka a shimfiɗe take so. Ba ta jituwa da kunya ko ƙasa mai tauri.

Garmar shanu kuwa baƙuwa ce idan aka kwatanta da waɗannan. Ma'aikatar gona ta zamanin Turawa ce ta fara yaɗa ta a Arewa daga ƙarshen shekarun 1920, a wani shiri na haɗa noma da kiwo, inda hukumomin En'e ke ba manomi rancen bijimai da garma. Ta samu karɓuwa a zamanin da gyaɗa da auduga ke kawo kuɗi. Samfurin da ya fi bazuwa shi ne garma mai fukafukai biyu da aka sani da Emcot, wadda ke tsaga ƙasa ta watsa ta dama da hagu ta bar kunya. A yau maƙeran gida na ƙera irinta, suna kuma sauya mata baki daga tsofaffin ƙarafan mota.

Da farko huɗa kaɗai ake yi da ita. Daga baya manoma suka gane cewa idan aka sake bin kwarin kunya da garmar bayan shuka ta tashi, bakinta zai yanke ciyawar kwari, fukafukan kuma su ɗaga ƙasa su binne ta gefen kunya. Abin da ya rage sai ɗan layin da ke saman kunya, tsakanin shuka, wanda mutum ɗaya ko biyu za su bi da fartanya. Wannan haɗin gwiwa na shanu a kwari, fartanya a tudu, shi ne ginshiƙin noman ciyawa a gonakin tudu na gabashin Kano. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta yi shekaru tana gwada na'urorin noman ciyawa da shanu ke ja, amma garmar huɗa ce ta zauna a hannun manoma, saboda kayan aiki ɗaya ne mai biyan buƙata biyu, kuma maƙerin gari na iya gyara ta.

A 'yan shekarun nan ƙananan injuna masu amfani da fetur, waɗanda ake turawa da hannu, sun fara shiga kasuwa. Suna da sauri, amma suna buƙatar mai da kayan gyara da makaniki a kusa, kuma sun fi dacewa da shimfiɗaɗɗiyar gona mai miƙaƙƙen layi. A fadamar shinkafa akwai wata 'yar na'ura mai haƙora da ake turawa tsakanin layuka tana cusa ciyawa cikin taɓo. Ita ma sai an dasa shinkafar a layi take aiki.

Lissafin kunya

Abin da ke ba shanu fifiko lissafi ne mai sauƙi. Tazarar da malaman gona suka fi ba da shawara tsakanin kunya da kunya ita ce santimita 75. A gona mai hekta ɗaya, idan aka jera kunyoyin a layi guda, tsawonsu zai kai kilomita 13 da 'yan kai. Bijimai biyu masu lafiya, da ke tafiyar kilomita biyu da rabi zuwa uku a awa, za su gama wannan a cikin kimanin awa huɗu da rabi zuwa biyar da 'yan mintuna, ban da juyawa da hutu. Wato aikin safiya biyu. Mutum ɗaya da fartanya kuwa, a duƙe, zai shafe kwanaki masu yawa a kan wannan tazara, kuma kafin ya kai ƙarshen gonar farkonta ya sake yin ciyawa.

Sai dai wannan riba tana da sharuɗɗa. Dole kunyoyin su miƙe, tazararsu ta zama ɗaya daga farko har ƙarshe. In ba haka ba garma za ta riƙa sarar shuka. Karkiyar noma ta fi ta huɗa tsawo: ana so tsakanin bijimi da bijimi ya ninka tazarar kunya sau biyu, wato santimita 150, don kowanne ya taka a kwari, garmar kuma ta bi kwarin tsakiya. Ana sa musu takunkumi kada su ci shuka. Sannan akwai ƙa'idar tsawo: idan shuka ta yi ƙanƙanta ƙasa za ta binne ta, idan dawa ta wuce ƙugu karkiya za ta kakkarya ta.

Akwai kuma batun ƙarfin dabbar. Lokacin da aka fi buƙatar shanu, wato farkon damina, shi ne lokacin da suka fi rama bayan doguwar bazara. Manomin da ya tanadi harawa da kara da ƙowa da dusa tun kaka, shi ne shanunsa ke iya aikin safiya cikakkiya a watan Yuni. Da yawa sukan sayi 'yan bijimai, su hore su, su yi damina uku ko huɗu da su, sannan su turke su su kai kasuwar shanu ta Wudil su sayar da riba, su sayi wasu ƙanana. Ta haka bijimin ya zama injin noma, mai jan amalanke, mai ba da taki, kuma asusun ajiya.

Jerin aikin damina

Yaƙin yana farawa tun kafin shuka. Gero ba ya jira, da ruwan farko ake shuka shi, wasu ma binne suke yi kafin ruwan ya sauka. Amma ga gyaɗa da wake da riɗi, waɗanda ake shukawa daga baya, akwai dabara mai amfani: a bar ciyawar farko ta tsiro bayan ruwa ɗaya ko biyu, a yi huɗa a binne ta, a shuka a ranar ko washegari. Shukar za ta tashi a ƙasa mai tsabta, ta riga ciyawa ta biyu. Wanda ya yi huɗa ya bar gonar mako guda kafin ya shuka, ya ba ciyawa ratar mako guda ke nan.

Noman farko, wanda ake kira firi, yana zuwa ne mako biyu zuwa uku bayan shuka, tare da cirar gero ko dawa a rage yawansu a rami. Maimai yana biyo baya da kamar mako uku. Daga nan sai ban ƙasa, wanda ke binne ragowar ciyawa, ya rufe takin da aka zuba, ya kuma tokare gindin dawa kada iska ta kayar da ita.

Ƙa'idoji uku ne ke raba noma mai kyau da wahalar banza. Na ɗaya, a yi shi sama-sama, zurfin yatsa biyu ko uku. Sara mai zurfi yana yanke saiwar shuka, yana kuma tono irin ciyawar da ke kwance a ƙasa ya kawo shi inda zai tsiro. Na biyu, a zaɓi safiyar da ake sa ran rana za ta buɗe, don abin da aka nome ya bushe. Noman da ruwa ya biyo bayansa nan take rabinsa dashe ne. Na uku, kada a bar ciyawa ta zubar da iri, ko a gefen gona ne, domin irin bana shi ne aikin baɗi da na shekaru masu zuwa.

Gyaɗa tana da nata sharaɗi. Bayan ta yi fure takan sako 'yan sanduna su nutse cikin ƙasa, a bakinsu ne ƙwanso ke fitowa. Daga wannan lokaci, wajen mako na shida zuwa na bakwai, fartanya da garma sun haramta a gindinta. Duk ciyawar da ta fito sai dai a cire ta da hannu a hankali.

Wuta-wuta: inda ƙarfe ke gazawa

Akwai ciyawa ɗaya da ba ta bin waɗannan ƙa'idoji, ita ce wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, masana kuma ke kira Striga. Ita ba gogayya take yi da shuka ba, manne wa saiwar dawa ko gero ko masara take yi tana tsotse ruwa da abinci. Tana yin makonni tana wannan ɓarna a ƙarƙashin ƙasa kafin ta leƙo, don haka ranar da manomi ya ga furenta mai launin shunayya, an riga an yi masa illa. Gindi ɗaya na iya zubar da dubban ɗaruruwan iri ƙanana kamar ƙura, ko aƙalla dubbai masu yawa, kuma irin na iya kwana a ƙasa sama da shekara goma yana jiran saiwar da zai kama. Akwai wani nau'inta da ke kama wake.

Cire ta da hannu yana da amfani, amma amfanin na shekaru masu zuwa ne: a tumɓuke ta kafin ta yi iri, a fitar da ita daga gonar, a ƙone. Sauran maganin yana wajen gyaran ƙasa, domin wuta-wuta ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Takin gargajiya yana rage ta. Juya shuka da waken suya ko gyaɗa ko auduga yana sa irinta ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. Akwai kuma irin da aka inganta don jure mata, kamar waken SAMPEA 10, wanda ya fito daga aikin cibiyar IITA da ta Samaru.

Me ya sa feshi bai kore fartanya ba

Maganin ciyawa ya bazu a karkarar Kano cikin shekaru ashirin da suka wuce, kuma dalilin a fili yake: mutum ɗaya da goyon famfo zai gama a yini abin da mutum goma za su kwana biyu suna yi. Duk da haka akwai dalilan da suka sa ƙarfe bai rasa gurbinsa ba.

Na farko shi ne haɗa amfani. Maganin da dawa ko masara ke jurewa, kamar atrazine, yana kashe wake da gyaɗa, kuma yakan daɗe a ƙasa. Gonar da za a soka wa wake a tsakanin gero a watan Yuli ba ta da maganin da zai dace da kowa. Na biyu shi ne tsada. Kusan duk magungunan daga waje ake shigo da su, don haka faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta bayyana a farashin kowace kwalba, kamar yadda cire tallafin fetur a watan Mayun wannan shekara ya bayyana a kuɗin hayar tarakta. Na uku shi ne lafiya da doka. Tarayyar Turai ta hana amfani da paraquat tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da haramta shi a Najeriya daga farkon 2024, atrazine kuma daga farkon 2025. Wanda ya taɓa ganin yadda ake feshi a ƙauye, ba takalmi ba safar hannu, a kuma wanke famfo a bakin rijiya ko kududdufi, ya san dalilin damuwar.

Na huɗu shi ne kasuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar dichlorvos. Wannan maganin ƙwari ne na ajiya, ba na ciyawa ba, amma darasin ya shafi duk mai harkar fitar da kaya daga Dawanau: masu saye a ƙetare suna auna abin da ke cikin buhu, kuma kuskuren 'yan kaɗan yana rufe wa kowa ƙofa.

Darasi daga kinwa

A ƙasashen Peru da Bolibiya, a kan tsaunukan Andes, akwai wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi da ake kira kinwa, ɗan uwan alayyafo, wanda ya yi farin jini a Turai da Amurka har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa shekarar 2013. Kinwa na tashi a hankali a makonnin farko, magungunan ciyawar da aka amince a fesa masa kaɗan ne ƙwarai, kuma babbar abokiyar gabarsa wata ciyawa ce 'yar danginsa mai kama da shi. Kaso mai yawa na wanda ake fitarwa kuma oganik ne. Saboda haka manomansa, har da na Turai masu manyan injuna, sun koma kan dabarun da aka lissafa a sama: a bar ciyawar farko ta fito a kashe ta kafin shuka, a shuka a layi mai faɗin da ƙarfe zai bi, a shiga da wuri, a yi sama-sama.

Amfanin gonar da ya fi kama da kinwa a gabashin Kano da Jigawa shi ne riɗi: ƙananan ƙwayoyi, jinkirin tashi, da kasuwa a ƙetare. Wanda ya watsa riɗi da hannu ya rufe wa kansa ƙofar shanu da inji, sai tsugunno da cira. Wanda ya gauraya irin da yashi ya zuba shi a layi a kan kunya, zai iya bin sa da garma sau biyu kafin ya rufe ƙasa.

Game da shaidar oganik, ya kamata ɗan kasuwa ya san cewa rashin feshi kaɗai bai isa ba. Dokar Tarayyar Turai na buƙatar gona ta yi shekara biyu ba sinadarai kafin shukar da za a kira oganik, ta Amurka kuma shekara uku kafin girbi, tare da rubutaccen tarihin gonar da binciken wata hukuma mai zaman kanta. Kuɗin wannan ya fi ƙarfin manomi ɗaya, shi ya sa akan yi shi a ƙungiyance. Amma manomin da ya riga ya iya riƙe gonarsa da shanu da fartanya da takin gargajiya ya yi rabin tafiyar.

Kinwa na da wani darasin na gargaɗi. A kudancin Bolibiya, da farashi ya tashi, an faɗaɗa gonaki da garmar tarakta a ƙasa mai yashi, iska ta riƙa kwashe ƙasar da aka tayar. Jigawar Gaya da Ajingi ma ba ta son yawan juyi. Duk bin garma yana busar da ƙasa, yana kuma ƙone ɗan ruɓaɓɓen ganyen da ke riƙe ta. Noma biyu a kan lokaci da ban ƙasa ɗaya sun fi noma biyar na ganin dama, kuma a gona mai gangare ana tayar da kunya a gicciye don ta tare ruwa.

Ga mai noma daga birni

Da yawa daga cikin 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a Kano suna da gona a gida, wani ƙane ko ɗan uwa na kula da ita. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kashe kuɗi a kan iri da taki, a bar kuɗin noma sai albashi ya shigo. Ciyawa ba ta san ƙarshen wata ba. Kuɗin firi da maimai ya kamata su kasance a hannun mai kula da gonar tun ranar shuka, a kuma kama mai shanu tun kafin layi ya yi tsawo.

A rubuta ranar shuka, a ƙirga kwana 14 zuwa 21 don firi, a ƙara kamar 21 don maimai. Kada a zuba taki a gonar da ba a nome ba, domin ciyawa za a ciyar. Idan jinga aka bayar, a duba saman kunya tsakanin shuka, nan ne mai gaggawa ke tsallakewa. Idan za a haɗa hatsi da wake, tsarin da cibiyar IITA ta gwada a Kano, na layi biyu na hatsi da layi huɗu na wake, yana ba wake haske, yana kuma sauƙaƙa wa shanu wucewa. Idan kuma mutum zai ziyarci gonar sau ɗaya tak a damina, ya je a mako na uku bayan shuka. Abin da ya gani a ranar shi zai gaya masa yawan buhunan da zai ɗauka da kaka.